Segomotsi da Mai Dakan Naman Asabar

Ku matso kusa, ku gyara zama. Wanda ke sauri ya ajiye saurinsa a bakin ƙofa, don labarin Segomotsi ba a ba da shi a tsaye.

A garinmu Moretlwane, in ka tambayi gidan Segomotsi Ditirwa, sai a yi ta kallonka kamar ka ambaci baƙuwa. Amma ka ce Mma-Boipelego, sunan da muke kiran duk wata jami'ar jin daɗin jama'a a nan Botswana, to ko jakin da ke jan amalanke zai nuna maka hanya. Gajeruwa ce mai jiki, tafiyarta kamar ta bar tukunya a wuta. Takalminta kullum cike da yashi, jakarta cike da alawar da take raba wa jikokin mutane don su fita waje ta samu ta yi magana da manya.

Kakarta ce ta raine ta a bayan gari, da tuwon dawa da nonon akuya. Ta yi karatu a Gaborone, ta dawo mana a shekarun nan da cuta ta sa maƙabarta ta fi kasuwa cika. Aikinta shi ne marayu da tsofaffi da waɗanda duniya ta juya wa baya: wa zai samu abincin hukuma, wane yaro ne ba shi da rigar makaranta, wane kawu ne ya sa ido a kan awakin da ba nasa ba. A makaranta an koya mata abu guda da ta riƙe kamar addu'a. Abin da kunnenki ya ji a ɗakin mutum amana ce. In ta kama dole ki ba da misali a gaban jama'a, ki ɓoye suna, ki ɓoye unguwa. Ta riƙe wannan har mijinta yana ƙorafi wai ya auri rijiya, abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa.

To, sai Rre Otukile. Rre ko Rra, haka muke kiran namiji don girmamawa, mace kuma Mma.

Kun san dai Asabar ranar jana'iza ce. Da sanyin safiya a kai mamaci, kafin rana ta yi zafi an dawo, a wanke hannu a bahon bakin ƙofa, sannan a zauna cin abinci. Mata suna wajen tuwo da dafaffiyar masara, maza suna bayan gida wajen seswaa. Naman sa ne da ruwa da gishiri kawai, a manyan tukwanen ƙarfe masu ƙafa uku, ya dahu har ƙashi ya saki, sannan a sa ƙatuwar muciya a daka shi ya yi laushi. Ji kamar da sauƙi. Amma a Moretlwane mutum ɗaya ne ya san lokacin da za a janye itace, ya san gishirin da zai ishi sa guda ba tare da ya ɗanɗana ba. Shi ne Rre Otukile, dogon tsoho mai tsohuwar kwat baƙa da ya dawo da ita daga aikin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, tare da tarin da bai taɓa barinsa ba. Ko gidan wa aka yi rasuwa, mai shanu ko mai kaji, shi ake fara aika wa. Da hannunsa yake zuba wa Kgosi mai gari nasa kason, ya zuba wa kawunnan mamaci, ya bi kowa da girmansa. Kuma bisa al'ada mai tukunya shi ke ci a ƙarshe, bayan kowa ya ƙoshi. Wannan cin ƙarshen shi ne rawaninsa.

Wata Laraba Segomotsi ta je gidansa tana neman ya sa baki a rikicin awakin wasu marayu. Ta tarar da shi a gindin bishiya yana goge takalmi. Tsakar gida a share tas. Sai idonta ya kai kan murhu, ta ga kazar maƙwabta ta baje fukafukai a cikin toka tsakanin duwatsun nan uku, tana kwance a kan ƙwai. Segomotsi 'yar ƙauye ce. Ta san kaza ba ta zaɓar wurin da wuta ta taɓa kwanan nan.

Ta ce, "Rra, yaushe ka yi amarya ba ka gayyace mu ba? Ga ta har ta kama murhu."

Ya ce, "Ta kama murhu amma ba ta girki. Irin matan zamani ce, kamar ku."

Suka yi dariya. Dariyar ta ƙare, ita kuma ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗauke ido daga murhun ba. Tsohon ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli. Can sai ya fara magana yana kallon takalmin. Shanunsa fari ya kwashe. Ɗansa ya rasu. Ɗan abin da gwamnati ke ba tsofaffi, jikokinsa na Francistown yake tura wa don kada su bar makaranta. Ranar Asabar yakan ci ya ƙoshi, ya ƙunsa ɗan kaɗan a aljihun kwat, ya ja shi zuwa Litinin. Daga nan sai ruwan shayi.

Ya ce, "Kada ki ɓata fuska, 'yata. Garin nan bai taɓa barina da yunwa ba. Kowane mako akwai mai kirkin da zai mutu."

Ta ce, "Rra, ka bari in sa ka cikin masu karɓar abinci. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba ne."

"Motar nan ta tsaya a ƙofata?"

Ita ma ta san motar. Babbar mota ce ruwan ɗorawa ta hukumar gunduma, duk wata takan bi gida-gida tana danna oda, a sauke buhun gari da wake da mai a bakin ƙofa, unguwa duk ta leƙo ta ga gidan wa aka tsaya.

Ya ce, "Ranar Talata mota ta yi mini oda, ranar Asabar in tsaya ina raba wa Kgosi nama? Da wace fuskar? A'a. Na faɗa miki ne don kin ga kazar. Maganar nan ta tsaya tsakanin ni da ke da ita. Ita kuwa na yarda da bakinta."

Segomotsi ta ce ta ji, ta ɗauka.

Tun daga ranar motar nan ta tsaya mata a wuya. Da ta buɗe ido sosai sai ta ga ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsohuwar malamar makaranta, akwai mai wa'azi a coci, akwai wasu da dama da suka gwammace yunwa a kan odar mota. Ta kai maganar gaban shugabarta a ofis, Mma Gaofetoge, ta ce a daina kai kaya gida-gida, kowa ya je kantin haɗin gwiwa ya ɗauki nasa cikin masu sayayya, ba wanda zai san wa ya biya wa bai biya ba. Mma Gaofetoge ta ce shawara ce mai kyau, amma ba ofis ne zai yanke ba, sai gari ya nema da bakinsa a kgotla, dandalin da gari ke taro a gaban Kgosi.

Ta ƙara da cewa, "Ki kuma yi hankali. Ke ma'aikaciya ce, ba 'yar jam'iyya ba. Ki je da alƙaluma, ki bar mutane a gida."

Matsalar ita ce motar tana da masoyi, Kansila Phuthego. Shi ke zama a gaba kusa da direba ranar rabo, ya sauko ya gaisa da tsofaffi da hannu biyu, kowa ya ga kansila na aiki. Ba mugun mutum ba ne, ku ji da kyau. Tsakaninsa da Allah yana ganin abin da aka yi a fili shi ne ba a sace shi. Ga kuma zaɓe ya matso.

Ranar taro kgotla ta cika. Maza da kwat a kan kujeru, huluna a gwiwa, mata a ƙasa da mayafi a kafaɗa. Kgosi ya ba ta dama, Segomotsi ta miƙe ta yi yadda aka ce. Ta faɗi yawan waɗanda suka cancanta, ta faɗi yawan waɗanda suka ƙi zuwa. Tana magana tana ganin kawuna suna sunkuyawa, wani tsoho ma har ya fara minshari. Alƙaluma ba su taɓa hana kowa barci ba.

Kansila Phuthego ya tashi yana murmushi.

Ya ce, "Kgosi, 'yarmu ta yi karatu, mun gode wa Gaborone. Amma ni a nan aka yanke mini cibiya. Wa ke kwana da yunwa a Moretlwane? Mu da ko kare ya shigo gida sai an ba shi? Mma-Boipelego, waɗannan mayunwatan naki a takarda suke zaune ko a gari? In a gari suke, nuna mana ko ɗaya. In kuwa fatalwowi ne, ai sai mu kira fasto, ba direba ba."

Wuri ya ɗauki dariya. Segomotsi ta ga abin yana zamewa daga hannunta, ta ga wata shekarar ta oda da buhu a bakin ƙofa. A ranta ta ce, ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi unguwa ba, ba zan ma ce mace ko namiji ba. Duk abin da littafi ya ce ta kiyaye, ta kiyaye. Sannan ta buɗe baki.

Ta ce, "Rra Kansila, ba zan nuna kowa ba. Amma a garin nan akwai wanda daga Asabar sai Asabar yake cin abinci. Kuma babu ɗayanku nan da bai ci daga hannunsa ba."

Dariyar ta mutu nan take.

Littafin da ya koya mata ɓoye suna, a birni aka rubuta shi, inda mutum ba ya sanin mai ɗakin da ke jikin nasa. A Moretlwane mutum nawa ne kowa da kowa ya ci daga hannunsa ranar Asabar? Rre Otukile yana zaune a layin gaba, hularsa a gwiwa. Da a ce mutane sun juya sun kalle shi, da da sauƙi. Ba wanda ya juya. Gari guda ya shiga kallon ƙasa da sama da rassan bishiya, ko'ina ban da kujera ɗaya. Shi kuwa bai motsa ba, ko tarin nan nasa bai yi ba.

Kansila Phuthego ya zauna a hankali. Shi ma tsohon ne ya daka naman jana'izar mahaifiyarsa. Kafin a tashi gari ya amince a daina yawo da mota, kuma kansilan da kansa ya ce zai kai maganar gaba.

Segomotsi ta koma gida tana gaya wa kanta ai ba ta faɗi suna ba. Ta faɗa wa kanta a hanya, ta faɗa a bakin famfo, ta faɗa tana cire takalmi. Ko sau ɗaya zuciyarta ba ta amsa ba.

Asabar ta zo, aka yi jana'izar wani makiyayi. Rre Otukile ya zo kamar kullum, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki muciya. Kuma ku sani, abin da ya biyo baya duk alheri ne, ba wanda ya yi shi da mugunta. Wani magidanci ya karɓe muciyar ya ce, "Rra, ka huta, yau mu za mu yi." Wani ya jawo masa kujera a inuwa. Sai ga Mma Sethunya, shugabar matan girki, mai murya kamar ƙararrawar coci da zuciya kamar man shanu, ta taho da faranti an tula shi har yana zuba, da wani kwano a rufe a ɗaure da ƙyalle.

Ta ce, "Fara ci, Rra, tun da zafinsa. Wannan kuma ka tafi da shi. Haba, ai da ka faɗa mana!"

Ko Kgosi ba a zuba wa ba tukuna. Mutumin da shekara da shekaru yake ci a ƙarshe, yau an ba shi a farko. Ya dubi farantin, ya ce ya gode ƙwarai. Ya ajiye shi a kan kujerar, ya warware hannun rigarsa, ya sa kwat, ya sa hula, ya fita ta ƙofar baya. Segomotsi tana cikin mata tana kallo, lomar da ke hannunta ta kasa kaiwa baki.

Bai zo Asabar ta gaba ba, bai zo ta bayanta ba. Yanzu ga shi ba tukunya, ba kuma cin Asabar ɗin.

A can ofis kuwa yabo ake ta yi. Mota ta daina yawo. Tsohuwar malamar makaranta ta zo aka rubuta ta, mai wa'azi ya zo, wasu da Segomotsi ba ta taɓa zato ba suka zo suna sunne kai. Ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta aiko ta je Gaborone ta koya wa 'yan uwanta yadda ake shawo kan hukuma. Ta ce su ba ta lokaci. Ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan tsohon, tafiyar nan tata mai sauri yau ta zama ta mai ciwon ƙafa.

Yana gindin bishiyar. Kaza ta ƙyanƙyashe ta tafi da 'ya'yanta, murhu dai ba wuta. Segomotsi ba ta nemi kujera ba, ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Rra, na zo ne in ce na yi laifi."

"Wane laifi? Na ji an ce kin ci nasara."

"Ban faɗi sunanka ba, amma..."

"Ba ki faɗa ba. Kin dai tuɓe ni a tsakiyar kgotla kin bar mini hula a kai."

Ya yi tari mai tsawo, ya share baki.

Ya ce, "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba abin da kika faɗa ba ne. Gaskiya kika faɗa, motar nan ta daɗe tana wulaƙanta mutane. Amma daga ofishinki zuwa nan tafiyar me ce? Da kin zo kin ce, Rra, ara mini maganarka zan yi yaƙi da ita. Wataƙila in kore ki. Wataƙila kuma in sa kwat ɗina in tashi a gaban Kgosi in faɗa da bakina, in ce ni Otukile, da na ciyar da ku duka, yunwa nake ji, kuma ba mota za ta yi mini oda ba. Da mutumin da ya tashi ya yi magana za su gani. Yanzu wanda aka tona suke gani."

"Da za ka tashi, Rra?"

"Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Ba kuma za mu taɓa sani ba, don ba ki tambaya ba."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. Ya bar ta ta yi, bai rarrashe ta ba, bai kuma ƙara mata ba. Da ta gama sai ya ce, "To, ɗauko biron naki ki rubuta ni. Abin da nake gadi ai an riga an kwashe. Zama da yunwa yanzu wauta ce."

Haka aka yi. Rre Otukile ya shiga cikin masu karɓa, hayaƙi ya dawo murhunsa, kumatunsa suka ciko, tarin ma ya yi sauƙi. Jana'iza yana zuwa, ya zauna cikin tsofaffi, a kawo masa faranti kamar kowa. Amma muciya bai sake taɓa ta ba. Kgosi da kansa ya roƙe shi, ya ce kafaɗa ce ta gaji. Seswaa ɗin garinmu kuwa, kada in ɓata wa kowa rai, wani mako gishiri ya yi yawa, wani mako sai ka yi ta jan nama da haƙori kamar igiya.

Gaborone kuwa, Segomotsi ta je daga baya, amma sai da ta fara komawa gindin bishiyar. Ta ce suna so ta koyar, ita kuma ba ta da darasin da ya wuce wannan, ko zai ara mata?

Ya yi tunani ya ce, "Ki faɗa musu. Amma wannan karon ki faɗi sunana cikakke, Otukile ɗan Sebonego, ba wani mutum a wani gari ba. Ki kuma ce musu daga nan har Mahalapye ba mai daka nama kamata. In kin bar wannan ban yafe ba."

Da wannan izinin take ba da labarin, da shi ni ma nake ba ku.

Yau Segomotsi ta yi furfura, ita ke horar da sababbin ma'aikata a gundumar. Har yanzu tana shiga kgotla, tana zuwa gaban kansiloli, tana faɗa a kan kuɗin makarantar marayu da motar asibitin da ba ta kaiwa rugage. Sai dai kafin kowane taro za ka gan ta tana bin gidaje da yashi a takalmi tana aron magana. Wasu su ba ta. Wasu su ce su za su zo su faɗa da kansu, kuma waɗannan ranakun ne kansiloli ke gumi. Wasu kuwa su hana, sai ta tafi da alƙaluma tsura, tsofaffi su yi minshari, a kayar da ita, abin da take nema wa mutane ya ƙara shekara bai samu ba. Wata matashiyar ma'aikaciya ta taɓa ce mata a fusace, "Mma, da kin faɗi labarin matar nan da yau mun ci." Segomotsi ta ce, "Na sani."

Kwanan baya suka haɗu da tsohon a kantin haɗin gwiwa, yana ɗauke da kwandonsa cikin masu sayayya. Ya dafa ɗan tumbin da ya fito masa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Mma-Boipelego, zo ki ga aikinki!"

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Ita ma ta yi, amma ta ce har ta isa gida ba ta gane ba ko godiya ya yi mata ko tuni.

To, ga ku nan kun ji. Gidaje da yawa a Moretlwane suna hura wuta yau saboda jimla biyu da ta faɗa cikin fushi, tsoho ɗaya kuma ya ƙoshi ya rasa tukunyarsa. Da ku ne a tsaye a kgotla ranar nan, kansila yana muku dariya, mota tana shirin cin wata shekarar, maganar da za ta gama komai tana kan harshenku amma ba taku ba ce, za ku haɗiye ta?